Yadda nake shirya ɗalibai muhawara kan tura sojoji yaƙin basasar wata ƙasa

Tun da sojoji suka kifar da Bazoum a Nijar cikin Yulin 2023, ECOWAS kuma ta yi barazanar shiga da ƙarfi, yaran ƙungiyar muhawara ta makarantarmu ba su da batun da suke so kamar wannan: shin ya dace ƙasa ta tura sojojinta cikin yaƙin basasar wata ƙasa? Darasin Gwamnati nake koyarwa a wata sakandaren je-ka-ka-dawo tsakanin Gumel da Maigatari, ni ne kuma ke riƙe da ƙungiyar. Ba mu da ɗakin karatu, wuta sai ta ga dama, waya mai shiga intanet a hannun malamai kawai take. Bayanin nan na malami ne ko malama da ke irin wannan wuri, wanda aka ɗora wa shirya yara alhali allo da alli kaɗai ke gabansa.

Kada ka fara da raba su gida biyu. In ka yi haka, ga abin da za ka ji. Na farko zai miƙe ya ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, saboda haka a tura soja. Na biyu ya ce faɗan da ba ruwanka daɗin kallo gare shi, saboda haka a zauna gida. Aji ya ɗauki tafi, a tashi ba wanda ya ƙaru da komai. Ni doka na kafa: kowane ɓangare karin magana ɗaya ya halatta masa a duk muhawarar, ya zaɓi inda zai kashe ta.

Aikin farko shi ne matse batun har ya zama abin da za a iya amsawa da e ko a'a. “Tura sojoji” abubuwa ne daban-daban da aka cusa a buhu ɗaya. Akwai dakarun kiyaye zaman lafiya, waɗanda ke zuwa bayan an tsagaita wuta da yardar masu faɗan. Akwai waɗanda gwamnatin ƙasar ce da kanta ta gayyato su taya ta yaƙar 'yan tawaye, kamar Faransa a Mali cikin Janairun 2013, ko Rasha a Siriya cikin Satumban 2015. Akwai masu ruwan bama-bamai daga sama ba tare da sun taka ƙasa ba, kamar NATO a Libiya. Sai kuma masu shiga ko an so ko an ƙi. Yaron da bai rarrabe waɗannan ba zai kawo hujjar wannan ya ɗora a kan wancan. Saboda haka nakan rubuta batu mai suna da wuri a allo, misali: “Ya kamata Najeriya ta ba da sojoji ga wata rundunar Tarayyar Afirka da za ta kare fararen hula a Sudan, ko da ɗaya daga ɓangarorin bai yarda ba.” Sudan nake zaɓa saboda yaranmu sun san ta. Akwai Hausawa da yawa can, ta nan kakanni suka bi zuwa Makka da ƙafa, kuma sun ji a rediyo lokacin da aka kwaso ɗalibanmu bayan faɗa ya ɓarke tsakanin shugaban soja Burhan da jagoran dakarun RSF Hemeti ranar 15 ga Afrilun 2023. In masu shirya gasa ne suka aiko da batun a buɗe, to mai magana na farko a ɓangaren masu goyon baya shi zai matse shi a minti na farko, kuma alƙali mai hankali zai ba shi maki a kan hakan.

A ƙarƙashin batun sai in rubuta tambayoyin da ba a goge su har ranar gasa. Wa zai je? Da izinin wa? Ya yi me takamaimai? Wa zai biya? Yaushe zai dawo, kuma wa zai bar wa ƙasar? Duk muhawarar a nan take. Masu goyon baya dole su amsa su duka. Masu adawa kuma kada su ɗauka sun huta, domin su ma akwai tasu guda ɗaya mai nauyi: in ba a je ba, su waye za su mutu, kuma me kuka tanada a madadin soja?

Maganar izini ita ce yara suka fi saurin riƙewa, don haddace ta ake yi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya, sashe na 2, ta hana ƙasa amfani da ƙarfi a kan wata. Ƙofa biyu ta bari: kare kai, a sashe na 51, da umarnin Kwamitin Sulhu a ƙarƙashin babi na 7. Kwamitin kuwa ƙasashe biyar ne ke da ikon hawa kujerar naƙi a cikinsa, Amurka da Birtaniya da Faransa da Rasha da Sin, ɗaya ta ce a'a magana ta mutu. Ko a Nuwamban 2024 Rasha ita kaɗai ta kashe wani ƙuduri kan Sudan da sauran 14 suka amince da shi. Tarayyar Afirka ta ba kanta dama a sashe na 4 na dokar kafa ta, ta shiga ƙasar da ake kisan ƙare dangi ko laifukan yaƙi. A 2005 kuma shugabannin duniya suka amince cewa idan gwamnati ta kasa kare mutanenta daga irin wannan ta'asa, nauyin yana hawa kan sauran ƙasashe, amma ta hannun Kwamitin Sulhu. Wanda yara suka fi mantawa shi ne na gida. Kundin tsarin mulkin 1999, sashe na 5, ya ce ba a tura sojan Najeriya fagen yaƙi a waje sai da amincewar Majalisar Dattawa. In tsaron ƙasa na cikin haɗari na nan take, shugaban ƙasa na iya turawa, amma ya nemi amincewar cikin kwana 7, majalisa ta amsa cikin kwana 14. Yarinyar da ta karanto wannan a gaban alƙalai ba tare da duba takarda ba ta riga ta ci rabin makin hujja.

Sai misalai, kuma a nan nake kashe mafi yawan lokaci. Laberiya nake fara ba su, don ita ce tamu, kuma kowane ɓangare zai sami abin ɗauka a cikinta. Madugun 'yan tawaye Charles Taylor ya shigo da yaƙi daga Kodebuwa a jajibirin Kirsimetin 1989. Zuwa ƙarshen Yulin 1990 an kewaye Monrobiya, sojojin Shugaba Samuel Doe sun karkashe ɗaruruwan mutanen da suka fake a wata coci, 'yan Najeriya da na Gana mazauna can sun maƙale. A watan Agusta rundunar ECOWAS mai suna ECOMOG ta sauka, da sojojin Najeriya da Gana da Gini da Saliyo da Gambiya, zamanin Babangida. Ba ta jira izinin Kwamitin Sulhu ba, daga baya ne kwamitin ya sa mata albarka. Masu goyon baya za su ce ta hana Monrobiya faɗawa hannun Taylor, ta buɗe tashar jiragen ruwa abinci ya shigo, dubban mutane suka tsira. Gaskiya ne. Masu adawa za su ce ko wata guda ba ta yi ba Doe ya kai ziyara hedikwatarta, mutanen wani madugun tawayen, Prince Johnson, suka kama shi a nan suka tafi da shi suka kashe. Za su ce an je raba faɗa aka koma ɓangare a cikin faɗan, aka shekara bakwai, Najeriya ta zuba biliyoyin daloli da rayukan sojoji, a ƙarshe aka yi zaɓe a Yulin 1997 Taylor ɗin da aka je hanawa ya lashe da kusan kashi 75 cikin 100. Yaƙi ya sake tashi a 1999, sojojinmu suka sake komawa a 2003, shi kuma Taylor aka ba shi masauki a Kalaba. Wannan ma gaskiya ne. Nakan sa yara biyu su tsaya gaban allo, ɗaya ya ba da labarin ta fuskar farko, ɗaya ta fuska ta biyu, da sharaɗin ba wanda zai faɗi ƙarya ko ɗaya. A nan suke gane cewa muhawara ba gasar ƙarya ba ce, gasar auna nauyi ce.

Saliyo takan zo a gurguje. Sojoji sun hamɓarar da Ahmad Tejan Kabbah a Mayun 1997, ECOMOG ta kore su a Fabrairun 1998 ta mayar da shi. Yaro mai kaifin baki zai lura cewa Abacha ne ya tura sojan mayar da zaɓaɓɓen shugaba, alhali Abiola na tsare a hannunsa. Ka bar shi ya faɗa, amma ka tambaye shi: niyyar mai turawa ce ake aunawa, ko abin da ya samu mutanen da 'yan tawayen RUF ke datse wa hannu?

Babban makamin masu goyon baya Ruwanda ne. A Afrilun 1994 Majalisar Ɗinkin Duniya na da sojoji kimanin 2,500 a ƙasar. Aka kashe goma 'yan Beljiyam, Beljiyam ta janye nata, Kwamitin Sulhu ya rage rundunar zuwa 270. Cikin kwana 100 aka kashe mutum wajen 800,000, akasari da adda. Watanni shida kafin nan Amurka ta rasa sojoji 18 a Mogadishu, shi ya sa ba ta da sha'awar sake shiga wani rikici a Afirka. Abin da nake so masu goyon baya su fitar daga nan jimla ɗaya ce: zama gida ma hukunci ne, kuma yana da gawarwakinsa.

Na masu adawa kuwa Libiya. Ranar 17 ga Maris 2011 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973, na kare fararen hula lokacin da dakarun Gaddafi ke dosar Bengazi. Ƙasa goma suka amince, biyar suka ƙaurace. Yara kan yi tsit idan na ce Najeriya na cikin kwamitin a lokacin kuma ta ɗaga hannun amincewa, ita da Afirka ta Kudu da Gabon. Izinin kare mutane aka bayar, aikin ya zarce zuwa kifar da gwamnati, aka kashe Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoba. Ba wanda ya tanadi abin da zai biyo baya. Makamai suka bazu cikin Sahara, mayaƙa suka koma Mali da su, arewacin Mali ya suɓuce a 2012, Faransa ta shigo a 2013 ba ta fita ba sai 2022. Ka zana taswira a allo ko da karkatacciya ce, ka ja layi daga Libiya ta Agadas zuwa Damagaram zuwa kan iyakarmu. Yaron Jigawa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani bayan wannan layin.

Akwai misalin da ba na bari ya wuce saboda a ƙofar gidanmu aka yi shi. A Maris 1979 an tara ɓangarorin Cadi a Kano, cikinsu da Goukouni Oueddei da Hissène Habré, aka sa hannu kan sulhu, Najeriya ta tura sojoji Njamaina, bayan 'yan watanni suka dawo. An sake tura runduna da sunan Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a ƙarshen 1981, Habré ya ƙwace babban birnin a Yunin 1982 tana nan. Darasinsa na masu adawa ne: soja ba ya tsare sulhun da masu shi ba su yi niyyar riƙewa ba.

To, Nijar fa? Dole za su kawo ta, kuma dole ka gyara musu. Abin da ya faru ranar 26 ga Yulin 2023 juyin mulki ne, ba yaƙin basasa ba. Ba a yanka jama'a a Yamai, shugaba ne aka tsare. Wanda ya kawo ta a matsayin yaƙin basasa abokin hamayya zai kayar da shi da jimla ɗaya. Amma tana da amfani ta wata fuskar. Tana nuna yadda sashe na 5 na tsarin mulkinmu ke aiki, don Majalisar Dattawa ta ƙi bin hanyar soja a farkon Agusta. Tana nuna akwai wasu hanyoyin, tunda Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi sun je, Muhammadu Sanusi na II ya gana da jagoran juyin, Janar Tchiani, tawagar malamai ma ta je. Tana kuma nuna takunkumi ba kyauta ba ne. An rufe iyaka har Maris 2024, kuma duk yaron da ubansa ke kai dabba ko hatsi kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san abin da hakan ya yi wa tukunyar gidansu. Wannan shaida ce ta gani da ido, ka bar su su yi amfani da ita. Sai dai masu goyon baya na iya juya ta su ce: ga shi, abin da kuke kira hanyar lumana ma talaka yake ci.

Wata yarinya 'yar aji biyar ta taɓa tambayata, “Malam, in an kwashe sojojin an kai Sudan, wa zai tsare Zamfara?” Na ce ta rubuta, hujja ce sukutum. Na ƙara mata da cewa a 2013 Najeriya ta janye sojoji daga Mali saboda ana buƙatarsu a gida. Masu goyon baya su shirya amsar wannan tun da wuri, don in ta zo musu ba shiri sai kame-kame. Su kuma san cewa sojojinmu sun taɓa zama a Darfur, a ƙarƙashin Tarayyar Afirka tun 2004, daga baya da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma an kai musu hari a Haskanita cikin Satumban 2007 aka kashe sojoji, akasarinsu namu.

Abu biyu ne nake taka-tsantsan da su. Na farko yaƙin basasarmu, 1967 zuwa 1970. Yana da kyau a juya wa yara madubi: Birtaniya da Tarayyar Sobiyet sun sayar wa gwamnatin tarayya makamai, Faransa ta taimaka wa Biyafara, Tanzaniya da Gabon da Kodebuwa da Zambiya suka amince da ita a matsayin ƙasa. Da wata ƙasa ta sauke sojoji a lokacin da sunan ceton yaran da yunwa ke kashewa, me za mu kira ta? Tambayar na da amfani, amma in akwai ɗan bautar ƙasa daga Kudu a cikin alƙalai ko malamai, ka ja kunnen yara su yi maganar da ladabi. Na biyu aya ta 9 ta Suratul Hujurat, wadda ke umarni da a sulhunta ƙungiya biyu ta muminai idan suka yi faɗa, in ɗaya ta yi zalunci a yaƙe ta har ta dawo, sannan a sulhunta da adalci. Masu goyon baya za su ɗauki tsakiyarta, masu adawa su ɗauki farkonta da ƙarshenta. Nakan tura ɓangarorin biyu tare wurin malamin Islamiyya ya yi musu bayani, kuma na hana a mayar da ita sandar dukan abokin hamayya. Ba a kafirta kowa a muhawarar makaranta.

In akwai tsohon soja a garinku wanda ya je Laberiya ko Saliyo ko Darfur, ka je da kanka ka gaishe shi ka roƙe shi ya zo. Namu, yara Baba suke ce masa. Ka gaya musu tun kafin ya iso kada wanda ya tambaye shi ko ya kashe mutum. Su tambaye shi abinci, da albashi, da yadda mutanen gari suka karɓe su a watan farko da yadda suka koma kallonsu bayan shekara. In ya yi shiru a kan wata tambaya, a wuce.

Sai bayan duk wannan nake raba su, kuma da ƙuri'a, ba da ra'ayi ba. Atisayen farko da Hausa ake yi ko da gasar da Turanci ce, don yaron da bai iya kare hujja da harshen uwarsa ba haddar Turanci kawai zai yi, tambaya ɗaya ta warware shi. Kowa ya yi magana, sauran aji suna da damar jefa masa kalma uku kacal: “Sannan sai me?” Ya ce a tura soja su kama filin jirgin Khartum. Sannan sai me? Su raka motocin abinci. In an harbe su fa, su rama? In sun rama sun zama ɓangare na uku ke nan? Haka za a bi shi har ya kai ranar dawowa ko ya maƙale. Mai adawa ma haka: ya ce a yi sulhu a teburi. An zauna a Jidda a Mayun 2023, an sa hannu, faɗa bai tsaya ba. Sannan sai me? Kwana biyu kafin gasa sai in musanya su, masu goyon baya su koma adawa na yini ɗaya. Suna ƙorafi, amma a nan kowa ke gano ramin da ke cikin hujjarsa.

Ranar gasa mutum uku-uku sun isa. Na farko ya matse batu ya kawo doka, minti biyar. Na biyu ya riƙe misali biyu kacal ya tatse su, ya fi ya lissafo ƙasashe goma da bai san inda suke ba. Na uku ba ya zuwa da rubutaccen jawabi, takarda fara da biro zai riƙe, aikinsa rusa abin da ya ji. Wannan kujerar ta mai saurare ce, ba ta mai baki ba, kuma a wurina sau da yawa mata ne suka fi dacewa da ita. Gaisuwar nan mai tsawo ta shugaban taro da alƙalai masu adalci da mai kula da lokaci da 'yan'uwa ɗalibai, a yanke ta zuwa numfashi ɗaya. Duk adadin da yaro ba zai iya faɗin inda ya ji shi ba, a cire shi, ko da ni na ba shi.

In kai ne mai masaukin baƙi, alƙalai su fito daga wata makarantar, su zama uku, kuma a ba su takardar maki tun kafin a fara. Tawa haka take: 40 na hujja da ingancinta, 30 na amsa abin da abokin hamayya ya faɗa, 20 na tsari da kiyaye lokaci, 10 na murya da tsayuwa. Ka gaya wa alƙalan a fili cewa ba ra'ayinsu kan Sudan ake tambaya ba, kuma tafin 'yan kallo ba ya cikin lissafi. Mai kula da lokaci ya zauna inda masu magana ke ganinsa, ya ɗaga takarda idan saura minti ɗaya, ya buga ƙararrawa idan ya cika, wanda ya zarce da rabin minti a cire masa maki biyu.